Baƙon Malam Ƙa'ida

Mijin yayata bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi. In ya taka ƙusa, ƙusar ce ta shigo hanyarsa. In ya makara wurin aiki, agogo ne ya cika gaggawa. Tun yana zuwa zance gidanmu yake rufe kowace magana da "ƙa'ida ce", har sunan ya manne masa, yanzu ko mai kawo takardar wuta Malam Ƙa'ida yake ce masa. Ni Yallaɓai nake kiransa, don ƙanin mata yana da lasisin tsokana, kuma nawa bai taɓa ƙarewa ba.

Aikinsa kula da kwamfutocin wata makarantar koyon sana'a. Gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kwamfutar da kowa ya yi wa salati, shi zai buɗe cikinta ya dube ta kamar mai duba ɗan akuya a kasuwa, ya taɓa wani abu, ta tashi. Matsalar ita ce bayan ya gyara sai ya yi maka wa'azi, har ka ji da ma ta mutu ka huta. Ni kayan famfo nake sayarwa, in ruwa ya zo an gama magana. Shi kuwa ko ruwan ya zo sai ya tambayi ta wace hanya ya biyo.

Shekarun baya wani abu ya same shi. Kun san babban tsarin nan da ke tafiyar da kwamfuta, wanda kusan kowa yake amfani da shi a ofis da gida. Yana tsakiyar shirya jarrabawar ɗalibai, tsarin ya ga dama ya kashe kansa wai zai sabunta, ko sallama babu, aikin ya tafi. Wani da ya yi tsaki ya sake. Malam Ƙa'ida ya miƙe a tsakiyar ofis ya yi rantsuwa cewa wannan abu ba zai ƙara taɓa ƙarfen kwamfutarsa ba har ya koma ga Allah. Daga ranar ya raɗa masa suna Ƙazami. Ya koma wani tsarin daban, irin wanda masu ciwon baya don yawan zama gaban kwamfuta suke yabo, wanda in kana so ya buga maka takarda sai ka rubuta masa dogon bayani a baƙin allo kamar mai neman aiki.

Abin da ke tayar min da zuciya shi ne wannan: mutumin da yake wa'azin tsabtar kwamfuta, ku zo ku ga ɗakin da kwamfutar take. Yayata ta daɗe da sallama masa shi. Kofunan shayi sun yi gemu kore a kan taga. Allon rubutunsa in ka kifa shi ka girgiza, abin da zai zubo ya isa kaza ta karya kumallo. Linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja da hannu ana dannawa, ya yi maiƙo, kujerar ta ɗauki siffarsa da warinsa, akwai safa ɗaya a bayan tebur da ta sandare tana tsaye da kanta. A cikin wannan juji yake zama yana ce min, "Injina ba ya ɗauke da datti ko ƙwaya ɗaya." Na ce, "Gaskiya ne Yallaɓai, ai duk ya fito waje."

'Ya ɗaya gare su. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata, ni kuma 'yar Kawu. Tana ƙarama a cinyarsa ta koyi wasan kwamfuta, shi yana riƙe da hagu ita tana danna dama, kuma in ka ga Malam Ƙa'ida yana dariya har haƙoransa na ciki sun fito, to a wancan lokacin ne. Ta girma, ta yi karatu, ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a gari mai nisa. Ba ta san kowa ba a can. Daga aiki sai ɗaki. Abin da ya riƙe ta shi ne wani wasa da ake bugawa ta intanet, mutum huɗu a ƙungiya, ana ƙwace ganuwar abokan hamayya. Tun tana makaranta take gina akawun ɗinta a ciki, da matsayinta, da kayan yaƙinta, da jerin ƙawayen da ta tara. Waɗannan ƙawayen su ne maƙwabtanta, su ne masu tambayarta ko ta ci abinci.

Ita da ubanta kuwa waya ta zama gaisuwar asibiti. Lafiya? Lafiya. Aiki? Alhamdulillahi. Ga mamanki.

Wata Asabar ina gidan, na zo canza musu kan famfon kicin, sai ta kira, Yaya ta buɗe murya kowa yana ji.

"Baba, ɗaya daga cikinmu ta haihu, ta ajiye wasa. Kujera ta huɗu babu kowa. Ka zo mana. Duk Asabar da yamma, ni da kai, kamar da."

Wallahi na ga fuskarsa ta yi laushi. Ya gyara murya ya ce, "Uwata, ai tsufa ya zo."

"Wane tsufa? Kai da kake cinye ni da hannu ɗaya. Zan ba ka akawun ɗina ka riƙa koyo a tsakiyar mako lokacin ina aiki, komai a buɗe yake a ciki. In hannunka ya faɗa sai mu buɗe maka naka."

"A kan wane tsari yake tafiya?"

Ta san ubanta. "A kan wanda ba ka so ɗin. Amma Baba, ka sa shi a wani faifan ajiya daban kawai, gefe guda, in za ka yi wasa ka kunna shi, in ka gama ka koma naka. Kafin shayi ya huce ka gama."

"Ƙazami ya hau ƙarfena kai tsaye? A'a. Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta. Ki ba ni zuwa Asabar mai zuwa."

Yaya ta dube ni, na dubi famfo.

Hanyar mai tsabta sai da ya zaunar da ni ya yi min bayaninta, ban roƙa ba. Wai za a gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, kamar ka yanki falo ka yi ɗakin baƙi. Tsarinsa shi ne mai gida, Ƙazami kuma baƙo, a kulle shi a ɗakin, ba ya taɓa komai sai abin da aka miƙa masa. Haka masu abin suke kiransu da bakinsu, mai gida da baƙo, ba ni na ƙirƙira ba. To amma wasa yana buƙatar katin hoto, wani ƙarfe mai fankoki girman bulo da ke zana duk abin da ido yake gani a allo. Baƙon da ba shi da wannan kati, wasansa kamar tafiyar hawainiya. Don haka sai a zare katin daga hannun mai gida a miƙa wa baƙo shi ɗungurungum ta taga.

Na ce, "Tsaya Yallaɓai. Katin nan ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Ƙarfe ne."

"Naka ne?"

"Nawa ne."

"Kuma Ƙazami zai riƙe shi da hannunsa. Ina rantsuwar?"

Ya yi min kallon da ake yi wa ɗalibin bencin baya. "Ta hannun mai gida ya karɓa. Ba kai tsaye ba ne. Kai famfo ka sani."

Na ce, "Na san famfo. In ruwan kwata ya bi ta sabon bututu, sunansa ruwan kwata."

Asabar ta zo, na leƙa don ganin ƙwam. Na same shi zaune gaban allo baƙi ƙirin, fankoki suna ta gurnani. Kati ɗaya ne a injin, ya miƙa wa baƙo, mai gida ya makance. Baƙon kuma bai san yadda ake riƙe katin ba tukuna, shi ma duhu. Abin bai tsaya nan ba. Ashe katin ba shi kaɗai yake tafiya ba, a ƙulle yake da ramukan da ake soka allon rubutu da linzami, in ka ba da ɗaya sauran sun bi shi kamar kayan gado. Kuma don gwaninta ya saita baƙon ya riƙa tashi da kansa da zarar an kunna inji. Ya kashe ya kunna, baƙo ya riga shi ƙwace komai. Ya sake, haka. Mai gida ba ido, ba hannu, a cikin gidansa.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ba baƙo ba ne, ɗan fashi ne ka shimfiɗa wa tabarma."

Waya ta yi ƙara. "Baba, muna jiranka, na gaya musu babana zai zo wasa yau."

"Saura ƙiris, Uwata. Wata Asabar ɗin."

Mako na gaba ya je kasuwar 'yan gwangwan ya samo tsohon kati na biyu, wai na mai gida, don ya riƙa gani. Kada Allah ya nuna muku wannan kati. Wanda ya mallake shi a da mashayin taba ne na gaske, ƙurar da ke cikin fankar ta zama kwalta, launin ƙasa, tana danƙo. Da ya hura sai wasu ƙananan kyankyasai suka fito suna neman sabon masauki, suka kuma samu, don ɗakin ya yi musu. Ya goge shi da tsohon buroshin haƙori, ya ajiye buroshin a cikin kofin shayi. Na fita tsakar gida na tofar da yawu, Yaya tana shanya ta ce, "Ka gani ko? Ni shekara nawa." Da aka kunna injin, katin ya yi zafi, ɗakin ya ɗauki warin tashar mota da safe.

Daga nan labarin ya zama iri ɗaya, sai dai ciwon ya canza wuri. An sami hoto, babu sauti. An sami sauti, yana ƙarar kamar ana soya ƙwai. An gyara sauti, sai ya zama in baƙo ya kwanta katin ba ya yarda ya farka sai an kashe injin gaba ɗaya. Kowace Asabar yarinyar nan tana kira, kowace Asabar saura ƙiris. Ƙawayenta suka riƙa cike gurbin da duk wanda suka tsinta, suna shan kashi. Da farko tana dariya. Daga baya ta koma cewa, "To Baba." A ƙarshe saƙo kawai take turowa, alamar tambaya ɗaya tilo, shi kuma ya mayar mata da hoton baƙin allo cike da rubutu, kamar ita ce za ta sa masa maki.

Yaya ta shiga ɗakin, abin da ba ta yi ba tun bara, ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci da mayafi. "Malam, yarinyar nan ba wasa take nema ba, kai take nema. Ka sa abin nan yadda ta ce mana."

"Ke ba ki gane ba. In na sassauta a nan, gobe a ina zan tsaya?"

"A gaban 'yarka," in ji Yaya, ta ja ƙofa.

Ranar da komai ya daidaita ina nan, don shi ya aika aka kira ni daga shago, na bar mai sayen gwiwar bututu a tsaye. Gaskiya abin ya yi kyau. Allo ɗaya mai gida, allo ɗaya baƙo, hoto tar kamar ka sa hannu. Ya buɗe wasan, wasan ya ɗan yi tunani, sannan ya fito da saƙo cewa ba ya yarda a buga shi a cikin kwamfutar ƙarya. Dalili kuwa, ɓarayin wasa da irin wannan dabarar suke fakewa, suna zaune a wurin mai gida suna leƙen abin da ke ɗakin baƙo, su ga abokan hamayya ta bayan bango. Don haka masu wasan suka sa ɗan sanda a ƙofa.

Na ce, "Shi ke nan, an yanka ta tashi. Sa shi a faifan daban mu je mu ci abinci."

Ko kallona bai yi ba. Ya shiga dandalin 'yan uwansa masu irin wannan lalura, ya samo yadda ake yi wa baƙo ɓad-da-kama, a canza masa suna da lambobi, a koya masa ya ce shi kwamfutar gaske ce. A saman bayanin, da manyan baƙaƙe, wanda ya rubuta ya yi gargaɗi: in aka kama ka, rufe akawun za a yi har abada, kada ka gwada da wanda kake ji da shi. Da idona na gani, har na karanta masa da ƙarfi.

"Wannan don marasa natsuwa aka rubuta," in ji shi.

"Akawun ɗin yarinya ne fa. Buɗe sabo ka gwada da shi."

"Sabo babu komai a ciki. Ta yaya zan auna ƙarfin katin a filin 'yan koyo?"

"Yallaɓai, kai da ko ƙaryar wasa ba ka yi wa yaro, yau kai ne kake koya wa inji rantsuwar zur?"

"Ba ƙarya ba ce. Kare sirri ne."

Ya shiga. Wasan ya buɗe. Ya yi ta harbi yana kyakyata dariya, yana nuna min wata lamba a kusurwar allo da ke faɗin saurin hoto, wai ko a kan Ƙazami tsirara ba a samun fiye da haka. Bai kira 'yar tasa ya ce ga abin da ya yi ba. Saƙo ya tura mata: an gama, Asabar ina nan. Ta mayar da hotunan zukata cike da allo, Yaya ta nuna min.

Kafin Asabar ɗan sandan ya gama bincikensa. Yarinyar ta dawo daga aiki ta kunna, ta tarar an rufe akawun ɗin, dalili: maguɗi. Kuma wasan yana da wata mummunar al'ada, yana sanar da duk wanda ka buga da shi kwanan nan cewa an kama ɓarawo a cikinku, ya kuma zabtare wa ƙungiya makin da ta ci. Ƙawayen da ta yi shekaru da su kowacce ta sami saƙon da sunanta a jiki.

Ina cin abinci a falonsu ta kira. Muryarta a daidai take, irin daidai ɗin da ke ba da tsoro.

"Baba, me ka sa a injin?"

Nan ne fa ya kamata mutum ya ce na yi kuskure, ki yafe min. Kalma nawa ce? Malam Ƙa'ida ya gyara zama ya fara lacca. Wai masu wasan ne azzalumai, ba su da hurumin bincika cikin injin mutum. Wai shi bai saci ko maki ɗaya ba. Wai zai rubuta musu ƙorafi mai hujjoji, kuma in suna da kunya za su buɗe.

"Ka san za a iya rufewa?"

"An ambata, amma a ƙa'ida..."

"Ka sani ke nan." Ta numfasa. "Ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni tun yaushe nake yi. Tun yaushe, Baba. Na ce babana ne, ta ce kowa haka yake cewa, ƙanena ne, babana ne." Sai ta ce, "Ba Mama wayar."

Na ture kwanon.

Ƙorafin ya rubuta shi, shafi bayan shafi, inji ya ba shi amsa a layi ɗaya cewa hukuncin ya tabbata. Biyu daga cikin ƙawayen suka goge ta. Ɗaya ta tsaya. Yarinyar ta buɗe sabon akawun daga ƙasa, cikin 'yan koyo, ba kaya ba matsayi. Wayar uban kuwa ta daina ƙara ranar Asabar, da sauran ranakun ma. In ta kira uwar takan ce a gaishe shi, shi kuma ya ce yana amsawa, kamar maƙwabcin da aka yi rigimar kwata da shi.

Abin da ban zata ba daga Yaya ya fito. Matar da ko saƙon waya sai ta sa tabarau ta yi bismilla, ta sa ni na raka ta muka ɗauko 'yar kwamfutar cinya ta hannu, da Ƙazami a cikinta yadda ya zo daga shago. Ta ɗora ta a teburin kicin, tsakanin tulun mai da kwandon albasa. Yarinyar ta koya mata ta waya, danna nan, a'a Mama, ɗayan nan ɗin. Yanzu duk Asabar da yamma Yaya ce a kujerar. Ba ta iya komai ba. Takan shige bango ta tsaya tana neman ƙofa, takan harbi 'yan ƙungiyarta ta ce su yi haƙuri ba ta gane su ba, in an kashe ta ta ce "Innalillahi, wane ɗan marasa tarbiyya ne wannan?" Daga cikin lasifika kana jin 'yar Kawu tana dariya har tana shaƙewa.

Asabar ɗin da ta wuce na je. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take kaɗan, abin da ba ta saba ba, warin yana fitowa a hankali. Yana zaune ya juya wa allunansa biyu baya, kunnensa yana kicin. Da Yaya ta sake shigewa bango sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Hagu. Hagu za ki bi." Hannunsa har motsi yake a kan gwiwa.

Na shiga na ce, "Yallaɓai, tashi ka je mana. Kujera ce a can ba kowa. Ka zauna kusa da matarka, ka ce wa yarinya ka yi kuskure, a wuce wurin."

Ya daɗe yana kallon ƙofar. Na ɗauka zai tashi, har na matsa masa hanya. Sai ya jawo ni kusa ya rage murya.

"Ka gaya wa yayarka, wancan abin da ke kicin, kada ta ƙara haɗa shi da intanet ɗin gidan nan kai tsaye. Zan ware masa layinsa daban, in killace shi. Zuwa Asabar mai zuwa na gama."

Na dube shi, na dubi kofunan taga. Na fita na jawo masa ƙofar har ta yi ƙara, na wuce kicin na ja kujera kusa da Yaya, don an sake kashe ta tana neman wanda zai riƙe mata linzami ta juya miya.